Talatar masuntan Shama

Wata ranar hutu muka taru mu shidda a ɗakin wani aboki, muka kalli wani tsohon fim na Jean Rouch mai suna Mammy Water. Sunan Rouch kam mun san shi, tunda a hanyar Birnin Ƙonni ya yi hatsarin mota ya rasu a 2004, kuma a Yamai aka binne shi. Amma wannan fim ba a ƙasarmu ya ɗauke shi ba. A shekarun 1950 ya tafi Shama, garin masunta Fanti da ke inda kogin Pra yake faɗawa teku, tun kafin Gana ta samu ƴancin kai a 1957.

Ni da ban taɓa ganin teku da idona ba, kwale-kwalen ne suka fara kama ni. Samari na tura su cikin igiyar ruwa mai tsayin katanga, wallahi sai ka ce ba su san mutuwa ba. Daga nan kifi ya yi wuya, gari ya ce iskokin ruwa sun yi fushi, aka yanka sa don a roƙi teku. Nan fa abokaina suka fashe da dariya, wai camfi. Ni ma na yi.

Daga baya ne dariyar ta dame ni. Yanka san muka gani, dokar da ke bayansa ba mu gani ba. A yawancin garuruwan gaɓar Gana, tun kaka da kakanni, ba a shiga teku ranar Talata. Ranar ta teku ce, masunci ya zauna ya ɗinke tarunsa. Ko wane suna aka ba ta, kwana ɗaya cikin bakwai kifi yana hutawa. To jiragen kamfani masu jan taru har ƙasan ruwa, su ba ruwansu da Talata. Ƙananan kifayen da mata ke ƙyafewa suna kaiwa kasuwa sun ragu ƙwarai, har a 2019 gwamnatin Gana ta hana masu kwale-kwale fita su na wata guda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a fim ɗin mai sharhi ne ke yi mana bayani, masuntan kuwa aikinsu kawai muke gani. Na so a ce an miƙa wa tsoho ɗaya magana, ya faɗa da bakinsa abin da Talata take nufi a gare su.