Ikko Ta Nesa Da Ikko Ta Kusa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon, wata yarinya ce maƙwabciyarmu ta shigo min da rana tsaka, bakinta har kunne, wai an kawo kuɗin aurenta kuma mijin a Legas yake nema, can za ta tare. Tun ba a tsayar da rana ba ƙawayenta sun fara ce mata matar manya. Na taya ta murna don aure abin murna ne, amma da ta fita sai na yi shiru, na tuna Yayata da aka kai Agege yau shekara goma sha, da irin zaman da na yi a wurinta na wata biyu lokacin da ta haihu. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Don haka na ce bari in ba ku tarihin garin nan kamar yadda na karanta shi kuma na gan shi, ko wata za ta amfana.

Asalin Ikko ɗan tsibiri ne a tsakiyar ruwa, Yarabawa suna ce masa Eko, daga nan ne mu muka samo namu sunan. Turawan Ingila sun karɓe shi a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu, kuma da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 shi ya zama babban birnin ƙasa. Ki riƙe wannan maganar ta tsibiri, don ita ce tushen komai. Tashar jiragen ruwa, ofisoshi, bankuna, manyan kasuwanni, duk a kan ɗan wurin nan da kewayensa aka dasa su, ga shi ruwa ya kewaye shi ba ya ƙaruwa. Har yau jihar Legas ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk jihohin Najeriya, amma a ƙidayar 1963 mutanen birnin kimanin 665,000 ne, a ta 2006 aka ce jihar ta kai miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ce ba ta yarda ba, sun haura miliyan 17.

Mutanenmu kuwa ba baƙi ba ne a can. Tun zamanin Turawa akwai Hausawa 'yan sanda da sojoji, kuma da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 sai fatake suka riƙa sauka da shanu suna komawa da goro. Agege tashar jirgi ce mai gonakin goro kewaye da ita, shi ya sa zango ya kafu a wurin, har da Sarkin Hausawa. A wancan lokacin Agege ƙauye ne a bayan gari. Garin ne ya yi ta kumbura har ya haɗiye ta, ya wuce.

To yaya aka yi ya kumbura? Nan ne abin tausayin yake. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin, mutane suka yi ta mutuwa, sai Turawa suka kafa hukumar tsara gari a 1928, aikinta na farko kuwa rushe gidajen talakawa ne. Su dai Turawan tuni sun keɓe wa kansu Ikoyi, da filaye da itatuwa da iska mai daɗi. A 1955 aka sake wani rusau a tsakiyar tsibirin, aka kwashi mutane aka kai su Surulere, can ƙetaren ruwa. Wai ma'anar sunan da Yarabanci, haƙuri yana da riba. Gidajen da aka ba su sun fi na da kyau, ba ƙarya, amma matar da ke sai da atamfa a ƙofar gidanta, ta wayi gari kasuwarta tana can ita tana nan, sai ta biya kuɗin mota ta ƙetare gada kullum.

Wanda ya fi ta da min hankali shi ne na Maroko. Unguwa ce ta talakawa a gefen Victoria Island, a nan direbobi da kukun gidajen manya da masu wanki da guga suke kwana, da safe su taka da ƙafa su je aiki. A watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba su wa'adin kwana bakwai, sannan aka shigo da katafila, ga shi tsakiyar damina. Kimanin mutum 300,000 aka tasa. Ki tsaya ki yi tunani 'yar'uwa, ke da goyo, da tukwane, da gadon da iyayenki suka sayo miki, ruwa yana zuba, ba ki san inda za ki kwana ba. Wurin a yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Mutanen da aka kora kuwa ba aikinsu aka kora ba, washegari mai gida yana jiran direbansa ƙarfe bakwai, sai dai yanzu daga nesa zai taho. Haka aka yi ta yi, har 2017 da aka ƙarasa rushe Otodo Gbame a bakin ruwan Lekki.

Kin ga ke nan duk rusau sai gari ya ƙara faɗi, aiki kuma yana nan inda yake. Abin da ya rage sai hanya, hanyar kuwa gadoji uku ne kacal suka haɗa tsibirin da sauran gari: ta Carter tun 1901, ta Eko a 1975, da doguwar nan ta uku mai kusan kilomita 12 da Babangida ya buɗe a 1990. Gosulon Legas ba yau ya fara ba. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya cika gari da motoci har a 1977 aka yi doka, motoci masu lambar mara su shiga wasu tituna a wasu ranaku, masu lambar cika a wasu. Masu hali suka yi dariya suka sayi mota ta biyu. Marigayi Murtala, Allah ya jiƙansa, shi ya gaji ya sanar a ranar 3 ga Fabrairu 1976 cewa za a mai da babban birni Abuja, kuma kwana goma bayan haka a cikin cunkoson motocin Ikoyi aka tare shi aka harbe shi. Gwamnati ba ta tashi ba sai 12 ga Disamba 1991. Ta tashi ɗin, amma ta bar kasuwa da tashar ruwa da jama'a.

Gwamna Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi da har yau ake kiransu da sunansa, ya kuma fara aikin jirgin ƙasa na cikin gari. Gwamnatin soja ta Buhari ta soke aikin a 1985. Sai a watan Satumba na 2023 jirgin cikin gari na farko ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, shekara 38 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da aka soke ya isa aurar da 'ya. A 2024 aka buɗe na biyu, wanda ya bi ta Agege, kuma an ce ya rage wa wasu wahala, mun gode Allah.

Ni lokacin da na je babu jirgin. Mijin Yaya a wata kasuwa yake a tsibirin, tafiyar da ta haura kilomita 20. Ƙarfe huɗu da rabi na dare yake fita, a hanya yake sallar asuba, ba ya shigowa sai bayan goma. Wallahi a wata biyun nan ban taɓa ganin ya ci tuwon dare da zafinsa ba. Yaran kuwa ranar Lahadi kawai suke ganin fuskar ubansu da rana, har ƙaramin yana ƙiwa in ya miƙo hannu. Ɗaki ciki da falo ne a irin gidajen nan da ƙofofi ke kallon juna, banɗaki ɗaya da magidanta shida, girki a soro, ruwa sai a jarka daga hannun 'yan garuwa, su ma yawanci yaran Arewa ne. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga na dillali ga na takarda. An yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da na shekara guda daga sabon ɗan haya, amma wa zai kai ƙara alhali mutum goma suna layi a bayansa?

Kar ki ce na kushe garin. Akwai nema a Legas, wannan gaskiya ne. Da kuɗin can mijin Yaya ya sayi fili a gida, ya kai mahaifiyarsa Makka. Mace kuma in tana da sana'a ba mai ce mata don me, ita Yaya da fura da dambun nama take yi wa yara kuɗin makaranta, Yarabawa maƙwabtanta su ne manyan masu saye. Ranar da na ce, "Yaya, ke kuwa ba kya gajiya da zaman nan?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, abinci muna ci, sutura muna sawa. Mutumin ne dai ba ni da shi, hanya ta aure min shi." Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, ta ce min wani lokacin a shago yake kwana, don kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa cinye ribar yini.

Da yarinyar nan ta dawo nuna min zannuwan sa rana, na zaunar da ita na ce, "In ya kira ki yau, kar ki tambaye shi nawa yake samu. Ki ce wace unguwa za a ajiye ki, a wace unguwa yake nema, kuma ƙarfe nawa yake shigowa gida." Ta ce, "To Anti," tana dariya, a zatonta wasa nake. Bayan kwana biyu ta leƙo ta ce ta tambaya. A Ikorodu ya kama ɗaki, a Apapa yake aiki. Ta ce, "Anti, da nisa ne?" Na ce ta miƙo min biro da takarda in zana mata ruwan da ke tsakani.