Tambayar da ta girmi juyin juya hali

A ranar 30 ga Nuwamba 1974 Mathieu Kérékou ya shelanta cewa ƙasar nan ta rungumi aƙidar Markisanci. Muna yara a lokacin, amma mun tuna yadda wasu yayyenmu 'yan boko a Paraku da Zugu suke dawowa gida da tambayar da ke tayar wa iyaye hankali: ina hujjar cewa akwai Allah?

Malamanmu na zaure ba su razana ba, domin amsar tana cikin Ummul Barahina, littafin Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Ga hujjarsa a taƙaice: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su biyun kuwa fararru ne, tunda ɗaya na gushewa ɗaya ya zo. Abin da bai rabu da fararre ba, shi ma fararre ne, kuma tilas akwai wanda ya farar da shi.

Sai dai wannan makami ya taɓa yanka mutanen gida. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wasu malaman tauhidi sun kafirta duk Musulmin da bai iya jero irin waɗannan hujjoji ba. Shehu ya yi musu raddi a rubuce, ya ce imanin gama-garin mutane ingantacce ne. A ganinmu, gardamar nan ta fi ta 1974 haɗari.

Shi kuwa Markisanci, gwamnati ta ajiye shi a Disamba 1989. Taron ƙasa da ya biyo baya a Kwatano, a Fabrairun 1990, limamin Katolika Isidore de Souza ne ya shugabance shi.