Kriek (giyar ceri mai tsami)

Kriek giya ce ja mai tsami da ake yi a Beljiyam, musamman a yankin Pajottenland da kwarin kogin Senne, kusa da Brussels. Sunan na nufin ceri mai tsami a harshen Filemish.

Asalinta giyar lambic ce, wadda ake dafawa da sha'ir da ɗanyar alkama. Ba a zuba mata yis. A lokacin sanyi akan bar ruwan ya kwana a buɗaɗɗen faranti mai faɗi, ƙwayoyin da ke yawo a iska su sauka ciki, sannan a ɗura shi a gangunan katako. Daga baya ake jiƙa ceri a ciki har da ƙwallonsa na tsawon watanni. A da irin cerin da ake kira Schaarbeek ake so, amma ya yi ƙaranci. Gidan giya na Cantillon, wanda aka kafa a 1900, na cikin masu riƙe da tsohuwar hanyar.

Wadda ake kira Oude Kriek ba a sa mata zaƙi, kuma takan ci gaba da nuna a cikin kwalba. Idan ta daɗe a ajiye, jan launinta kan dusashe ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ɗanyen ceri ya ja baya. Sai tsami ya fito fili, tare da ɗan ɗaci daga ƙwallon da wani wari mai kama da na fata, aikin wani yis mai suna Brettanomyces da ke shiga giyar da kansa. Wadda manyan kamfanoni ke cikawa da zaƙi ba ta samun wannan zurfin ɗanɗano.