Tarihin Fitilar da ke Tona Asirin Sankarar Jini

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Maradi ko Tibiri ya san cewa littattafan magabata na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a jere cikin gafaka, kuma idan warƙa ɗaya ta Risala ta faɗa cikin Iziyya, almajiri zai karanta hukuncin da mawallafi bai taɓa nufi ba. Irin wannan musiba ce, bisa ƙaddarar Allah, ke aukuwa cikin ƙwayar jinin ɗan Adam har ta zama sankara, sai dai masana sun shafe fiye da ƙarni kafin su gane haka.

Likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa wa cutar suna a 1847, saboda yadda fararen ƙwayoyi ke cika jinin mai ita, amma asalinta ya kasance gaibu. Sai a 1956 aka tabbatar a birnin Lund na Suwidin cewa zaren gado da ke cikin ƙwayar mutum, wanda ake kira kuromosom, guda 46 ne. Bayan shekara huɗu Peter Nowell da David Hungerford suka hango wani guntu, ƙarami fiye da ƙima, a jinin masu wani nau'in sankarar, aka laƙaba masa sunan garinsu Filadalfiya. An daɗe ana zaton yankinsa ya ɓace ne, har Janet Rowley, wadda ta riƙa baza hotunan zaren a teburin cin abincin gidanta a Chicago tana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta bayyana a 1973 cewa zare na 9 da na 22 ne suka yi musayar warƙa. A ganina, haƙurin matar nan ya cancanci a ambace shi tare da na manyan malaman tahƙiƙi.

Manunin da ke tona wannan musaya kuwa, tushensa aikin Joseph Gall da Mary-Lou Pardue ne a 1969: ɗan tsinken sinadarin gado wanda, tamkar almajirin da ya haddace sadara guda, ba ya manne wa komai sai abokin baƙinsa. Cikin shekarun 1980 aka rina shi da launi mai ƙyalli, aka sa wa hanyar suna FISH. Ana rina gurbin zare na 9 ja, na 22 kore, sannan a duba da madubin likita cikin duhu. Inda launukan suka haɗu suka ba da ruwan ɗorawa, hujja ta tsaya. Da wannan shaida ake ba da imatinib, maganin da aka amince da shi a 2001.

Al'amarin ya shafe mu kai tsaye, domin sankarar da Denis Burkitt ya siffanta a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin sauro ya yi katutu, ita ma musaya ce, galibi tsakanin zare na 8 da na 14. Uwar da ta goyo yaronta daga Jiratawa tana da haƙƙin a faɗa mata takamaiman sunan ciwonsa. Ina roƙon hukuma da masu hannu da shuni na Maradi su kafa wa ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ɗakin wannan gwaji.