Masu Hawan Rimi da Sheƙar Shirwa a Kongo

Zariya garin rimi ce, sunayen unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa sun isa shaida. Da Tudun Wada ta kafu a bayan ganuwa a zamanin Turawa, sai audugar rimi ta ƙara samun kasuwa. Cibiyar koyar da aikin mulki da ke unguwar Kongo, wadda ta samo asali daga makarantar akawuna ta 1947 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta tara ɗalibai da ma'aikata, kowa kuwa yana bukatar katifa da matashi. Kawuna na cikin waɗanda suka ci abinci da hawan rimi a wancan lokaci.

Aikin na rani ne. Bayan hunturu, kwanson rimi ya bushe, dole a kaɗo shi kafin ya fashe iska ta kwashe audugar. Mahayi yakan kafa turaku a jikin itacen ya yi matakala, ya ɗaura igiya a ƙugu, a miƙa masa doguwar gora mai ƙugiya. Mata da yara suna ƙasa suna tsincewa cikin buhu.

To, a daidai wannan lokaci ne shirwa da ungulu suke kan ƙwai, kuma can ƙololuwa suke sheƙa. Ta shirwa tarkacen ƙirare ce da tsummoki. Kawu ya ce shirwa ba ta zuwa ta gaba. Ta bayan ƙeya take kawo sura, mutum na jin iskar fiffikenta sai ya firgita, kuma firgitar ce ke sa shi sakin hannu. Shi ya sa yake naɗa rawani mai kauri ko da ana zafi, ya sa yaro a ƙasa yana duban sama yana yi masa ihu, "Kawu, ga ta nan!" Na ga tabon farce uku a bayan kunnensa, na ranar da rawanin ya zame.

Ungulu kuwa ba ta faɗa. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kai kusan kwana 50. In aka tsorata ta ta tashi, hankaka ya sauko ya fasa, shekarar ta tafi a banza. Don haka ƙa'idar Kawu da abokan aikinsa ita ce a zaga itace tun daga ƙasa a duba. In an hangi sheƙa, reshen nan an bar shi har sai ɗan tsuntsu ya tashi, ko da audugarsa ta fi ta kowane reshe.

Katifar soso ce ta kashe sana'ar. Rimi ya daina kawo kuɗi yana tsaye, sai ya koma katako. Mai injin yanka itace ba ya hawa, balle ya ga abin da ke sama. Ungulun da ta cika mahauta a da, yau sai an yi da gaske a ga ɗaya; masu neman sassan jikinta don tsibbu sun ƙara mata rauni, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Roƙona ga duk mai ba da kwangilar sassabe ko sare itace a Kongo da Tudun Wada shi ne ya riƙe ƙa'idar mahayan nan: a duba sama tukuna, in akwai sheƙa a dakata har damina ta faɗi.