Hutun kwana uku a Yankari: Abin da ya kamata ku sani kafin ku kama hanya

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, doguwar tafiya ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan matasa. Amma gajiya ba ta jiran farashi ya sauka. Gajeren hutu na kwana biyu ko uku ya isa ya wartsakar da mutum, muddin an tsara shi tun daga gida: wuri ɗaya, tafiyar rana, da kasafin da ba zai bar bashi ba. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi misali ne da ya dace da wannan tsari.

Hutu haƙƙi ne

Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba wa ma'aikacin da dokar ta shafa hutun aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi, bayan ya yi wata 12 a jere yana aiki. Wanda ya ɗauki Juma'a ɗaya daga ciki ya haɗa da Asabar da Lahadi ya samu kwana uku. A nemi izini a rubuce kuma da wuri, a miƙa aiki ga wani, don kada waya ta mayar da hutun ofis.

Mene ne Yankari?

Gandun yana Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya zama gandun ƙasa ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. A cikinsa akwai ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna, dorina, gwanki, mugun dawa da bika. Masaukin baƙi yana sansanin Wikki, dab da maɓuɓɓugar da ɗuminta ke tsayawa a wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina.

Wane lokaci ya fi?

Rani ya fi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi kuma suna taruwa a bakin Kogin Gaji, inda ake saurin ganinsu. Da damina daji yakan rufe, hanyoyin ciki su yi taɓo. Saboda haka hutun 12 ga Yuni da na 1 ga Oktoba ba su kai na Kirsimeti, sabuwar shekara da Ista dacewa ba. Sai dai ranakun bukukuwa suna zuwa da cunkoso, watannin Maris da Afrilu kuma da tsananin zafi. Mai neman natsuwa ya zaɓi ƙarshen mako na yau da kullum a Janairu ko Fabrairu.

Hanya da tsaro

Daga garin Bauchi zuwa Wikki tafiyar kilomita 110 ce ko kusa da haka. Ana bin titin Gombe, a karya kwana a Dindima zuwa ƙofar shiga ta Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran kilomita fiye da 40 a cikin daji. Mai zuwa daga Kano ko Jos zai bi ta Bauchi. Mai zuwa daga Gombe zai iske mararrabar Dindima kafin ya kai Bauchi.

A 'yan shekarun nan an samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alƙaleri. Don haka a kira hukumar gandun kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, a sanar da wani na gida lokacin tashi da na isa. A yi sammako, a isa kafin la'asar. Idan labarin da aka samu bai kwantar da hankali ba, a ɗage tafiyar. Rigakafi ya fi magani.

Kasafi da guzuri

Kuɗin sun kasu biyar: mota, shiga, ɗaki, abinci da zagayen kallon dabbobi. Farashi yana sauyawa, saboda haka a ji shi daga bakin hukumar, a kama ɗaki tun kafin a bar gida. Mutum huɗu a mota ɗaya sun fi mutum ɗaya sauƙin kuɗin mai. A ware wani abu na ko-ta-kwana, a riƙe tsabar kuɗi, domin gari da nisa. A ɗauki ruwan sha, maganin sauro, fitila da batirin cajin waya. A rufe ƙofa da taga a kuma ɓoye abinci, domin bikan Wikki sun saba da wawaso.

Tsarin kwanakin

Ranar farko ta tafiya ce da wanka a maɓuɓɓuga. Rana ta biyu a fita kallon dabbobi da sassafe ko da yamma tare da jagoran gandun, sauran yinin a huta. Rana ta uku a juyo da hantsi. Mai sauran lokaci zai iya tsayawa a kabarin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin Bauchi. Kada a ƙara komai a kan wannan, domin cusa wurare da yawa shi ke dawo da matafiyi gida a gajiye.

Yankari dukiyar jama'a ce da gwamnati ke riƙe da amanarta. A karɓi rasiti a kan kowane kuɗi da aka biya, a lura da halin ɗakuna, hanyoyi da ma'aikata. Wanda ya gani da idonsa ya fi kowa ikon tambayar inda kuɗin shiga suke tafiya.