Tumfafiya

Tumfafiya, wadda masana tsirrai ke kira Calotropis procera, ƙaramar bishiya ce mai faffaɗan ganye da farin fure mai ratsin shunayya. Tana jure fari, tana fitowa a kangaye da gefen hanya a ƙasar Hausa, har da bayan unguwanni irin Rigasa a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Idan aka karya reshenta sai farin ruwa mai kama da nono ya fito.

Amfani

Masu maganin gargajiya suna shafa ruwan a kan makero da harbin kunama. Fulani kuma suna sa ganyenta a madara mai zafi don ta daskare a yi cuku.

Haɗari

Ruwan tumfafiya na ɗauke da sinadarai irin su kalotirofin, dangin waɗanda ke cikin tsiron Turai mai suna Digitalis. A 1785 likitan Ingila William Withering ya wallafa yadda ake maganin kumburin jiki da Digitalis, kuma a 1930 aka ciro digoksin daga cikinsa, maganin da likitoci ke bai wa masu ciwon zuciya da awo.

Abin da ke cikin tumfafiya ba shi da awo. Shan ruwanta na kawo amai, gudawa da rikicewar bugun zuciya, har ya kai ga mutuwa. Idan ya shiga ido, gani kan dushe na kwanaki. Sai a wanke da ruwa mai yawa a garzaya asibiti.